Shiri Na 41: SSD Ko HDD, Wanne Ya Fi Gudu A Kwamfutar Buga Gem?

  Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan mun ɗora saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Yau maganar 'yan gem za mu yi. Saƙonni iri biyu ne suka yi ta shigo mana a kwanakin nan. Wasu suna cewa gem yana sassarƙe musu, kuma mai shago ya ce su cire had disk su sa SSD komai zai daidaita, to su saya ko kar su saya? Wasu kuma sun riga sun saya, sun sa, suna cewa gem ɗin yana nan yadda yake, ko cutarsu aka yi? To duka biyun amsarsu ɗaya ce, kuma bari in faɗe ta tun yanzu kafin mu shiga bayani. SSD yana rage maka jira ne, ba ya ƙara wa gem ƙarfi. Idan matsalarka jira ce, babu kuɗin da za ka kashe ka ji daɗinsa kamar na SSD. Idan kuma matsalarka hoton ne yake tafiya da kyar, to ko SSD mafi tsada a duniya ka saya, ciwon kai kake yi ka sha maganin ciwon ciki.

Mu ɗauki misalin mai shayi

Kafin mu shiga lissafi, ina so ka ajiye wannan misalin a ranka. Mai shayi yana da teburinsa, yana da sito inda yake ajiye katan-katan na madara da buhun sukari da kiret ɗin ƙwai, sannan ga shi kansa mai haɗawa. A kwamfuta, mai shayin shi ne firosesa da katin hoto, wato CPU da GPU. Teburin shi ne RAM. Siton kuma shi ne rumbun ajiya, ko dai HDD ko SSD.

Da safe sai an kwaso kaya daga sito an jera a tebur kafin a fara sayarwa. Wannan shi ne lodin da kake zama kana kallon allo kafin gem ya buɗe. Amma da zarar kaya sun hau tebur, saurin haɗa shayi ya koma hannun mai shayi. Ko siton yana bayansa, ko yana can ƙarshen layi, ba shi zai sa hannunsa ya yi sauri ba. Ka gane? To ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yaya HDD yake aiki?

Wanda ya taɓa ganin faifan garmaho ya riga ya ga HDD. A ciki akwai faifai mai juyawa, da wani ɗan hannu mai kai kamar allura wanda yake zirga-zirga a samansa yana karanta bayanan da aka rubuta da maganaɗisu. Fasahar ba ta yau ba ce. Kamfanin IBM ne ya fito da na farko a 1956, mai fayafayai 50, kuma abin da yake iya ɗauka bai kai megabayit 5 ba. Wato hoto ɗaya ko biyu na wayarka sun cika shi.

Na yanzu yawanci iri biyu ne: mai juyi 5400 a minti ɗaya, wanda shi ya fi yawa a laftof, da mai juyi 7200 wanda aka fi samu a kwamfutar tebur. Duk lokacin da aka nemi wani bayani, sai abu biyu sun faru. Sai allurar ta tashi ta je layin da bayanin yake, sannan ta jira faifan ya juyo da wurin zuwa ƙarƙashinta. A mai juyi 7200, jiran juyin kaɗai yana cin kimanin milisakan 4, tafiyar allurar kuma wajen 8 zuwa 9. Idan ka haɗa, milisakan 12 zuwa 13 kenan. Milisakan dai kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa.

Za ka ce ai wannan ba komai ba ne. A karo ɗaya, gaskiya ne. Amma gem ba abu ɗaya yake nema ba. Yana neman hoton bango, da na mota, da muryar ɗan wasa, da taswira, da ƙananan fayiloli barjat a warwatse. Idan guda 1000 ne a wurare daban-daban, daƙiƙa 12 sun tafi a nema kawai, ba a ma fara maganar karantawa ba.

SSD fa?

Shi SSD babu abin da yake motsi a cikinsa. Babu faifai, babu allura. Ƙananan ƙwayoyin lantarki ne irin na filas da memorin waya, waɗanda wani injiniya ɗan Japan mai suna Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. Tunda babu inda za a je a jira juyi, neman bayani yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin goma na milisakan, wani lokaci ma ƙasa da haka. Waɗancan fayiloli 1000 da suka ci wa HDD daƙiƙa 12, shi kafin ka ƙifta ido ya gama nemo su. Wannan shi ne ainihin sirrin. Mutane sun fi kallon babbar lambar da aka rubuta a kwali, amma wallahi wannan saurin nemo ƙananan abubuwa shi ne abin da kake ji a jikinka idan ka koma SSD.

Yanzu bari mu zo kan lambar kwalin, wato gudun karanta babban fayil a jere:

HDD: kimanin MB 100 zuwa 200 a daƙiƙa, gwargwadon irinsa.
SSD na SATA: kimanin MB 550, domin nan hanyar SATA ɗin kanta ta tsaya.
SSD na NVMe a kan PCIe 3.0: har zuwa MB 3,500.
NVMe a kan PCIe 4.0: wajen MB 7,000.
NVMe a kan PCIe 5.0: har zuwa wajen MB 14,000.

Mu buga lissafi. A ce za a karanta GB 10 a jere. HDD mai gudun 150 zai ɗauki sama da minti ɗaya. SSD na SATA, daƙiƙa 18. NVMe mai 3,500, daƙiƙa 3. A takarda kenan fa. A cikin gem labarin ya ɗan sha bamban, kuma nan ne ake cin kuɗin mutane.

Inda SSD yake taimako

Na farko, lodi. Tashin Windows, buɗe gem, shiga sabon mataki, tsallakawa daga wani gefen taswira zuwa wani, dawowa bayan an kashe ka. A 2019, Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara PlayStation 5, ya nuna wa mujallar Wired gwaji da gem ɗin Spider-Man. Tsallakawar da take cin daƙiƙa 15 a PS4 Pro mai HDD, a sabuwar na'urar mai SSD ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Ya kuma bayyana cewa saboda a rage wa allurar HDD yawo, masu haɗa gem sukan kwafi abu ɗaya su ajiye a wurare da yawa cikin faifai, har akwai abin da aka maimaita sau 400 a wannan gem ɗin. Ka ga har girman gem sai da HDD ya shafa.

Na biyu, gem masu faɗin duniya, irin su GTA V, Red Dead Redemption 2 da Cyberpunk 2077. Waɗannan ba a iya ɗora garin gaba ɗaya a RAM. Kana tafiya ana kwaso unguwar da ke gabanka daga rumbu, ana zubar da wadda ka bari a baya. Idan ka taka mota da gudu kuma rumbun ya kasa kawo kaya a kan lokaci, sai ka ga gini ya fito kwatsam, ko titi ya zama dishi-dishi, ko gem ya ɗan daskare na rabin daƙiƙa sannan ya ci gaba. Idan mun koma wurin mai shayinmu, madara ce ta ƙare a tebur, ya tsaya yana jiran yaro ya dawo daga sito. Irin wannan sarƙewar kam SSD yana maganinta.

Na uku, sababbin gem sun fara juya wa HDD baya. Tunda PS5 da Xbox Series X suka fito a Nuwamba 2020, dukkansu da SSD, kamfanoni suka fara gina gem bisa zaton kowa yana da shi. Starfield da ya fito a Satumba 2023 ya rubuta ƙarara cewa sai da SSD. Cyberpunk 2077 ma a shekarar ya mayar da SSD cikin mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Wato ga mai son buga sababbin gem, maganar ta wuce ta ado.

Inda SSD ba zai yi maka komai ba

To ga inda nake so mu natsu. FPS shi ne yawan hotunan da kwamfuta take zanawa a daƙiƙa ɗaya. Idan kana son 60, dole a zana kowane hoto cikin milisakan 16.7. Wa yake wannan zanen? Katin hoto da firosesa, da kayan da suka riga suka hau RAM. Rumbu ba ya cikin wannan aikin. Saboda haka idan laftof ɗinka tana ba ka FPS 22 a GTA V saboda ƙaramin katin hoton da ke haɗe da firosesa take amfani da shi, ka sa SSD, za ka shiga gem da wuri, sannan ka tarar da 22 ɗinka tana jiranka. Ɗan uwan da ya ce ko an cuce shi, ba lallai kayan ne jabu ba. Alƙawarin da aka yi masa ne ba na gaskiya ba.

Haka 'yan ƙwallo, masu eFootball da FC. Da zarar an shiga fili, kusan duk abin da ake buƙata ya hau RAM. Za ka ga bambanci kafin a take wasa, amma ba a cikin wasa ba. Masu buga gem ta intanet kuma, idan ka harba harsashi sai bayan ɗan lokaci ya fita, wannan matsalar netwok ce, babu ruwan rumbu.

Kai, ko lodin ma ba kullum laifin rumbu ba ne. Shekaru mutane suna kuka da GTA Online, wasu sai sun jira minti biyar ko shida. A farkon 2021 wani mai rubuta manhaja da ake kira t0st ya bincika, ya gano firosesa ce take ɓata lokaci wajen karanta wani fayil mai kimanin MB 10 ta wata hanya marar kan gado. Ya gyara, lodin ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Kamfanin Rockstar ya tabbatar da maganarsa, ya sa gyaran a gem, ya ba shi dala 10,000. Ka ga duk wanda ya sayi sabon rumbu saboda wannan matsalar, ba inda ciwon yake ya taɓa ba.

SATA ko NVMe?

Wannan labarin shi zai fahimtar da kai abu na gaba. A kwali, NVMe mai 7,000 ya ninka SATA sau goma sha biyu. Amma a lodin yawancin gem, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan daƙiƙu ƙalilan ba. Dalili kuwa, kayan gem a matse suke zuwa, sai firosesa ta warware su ta shirya su kafin a yi amfani da su. Yaro ya kawo katan goma a guje, amma mai shayi hannu biyu gare shi, ɗaya bayan ɗaya zai buɗe. Microsoft ta fito da wata fasaha mai suna DirectStorage a 2022 domin a rage wannan cunkoson, har a miƙa wa katin hoto aikin warwarewar, kuma Forspoken na 2023 shi ne gem na farko da ya zo da ita a kwamfuta. Amma ba kowane gem ne yake amfani da ita ba.

Don haka babban tsalle shi ne daga HDD zuwa SSD, kowane iri. Daga SATA zuwa NVMe ƙaramin taki ne ga ɗan gem. Idan kwamfutarka tana karɓar NVMe kuma farashin ya yi kusa, ɗauki NVMe. Amma kar ka sayi ƙaramin NVMe mai tsada alhali kuɗin zai saya maka SATA mai ninkin girmansa. Red Dead Redemption 2 kaɗai GB 150 yake nema. Mai GB 256, idan Windows ta ɗauki rabonta, me ya rage?

Gani ya kori ji

Kafin ka kashe ko kwabo, yi wannan gwajin. Buɗe gem ɗin da yake ba ka matsala, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga ɓangaren Performance ka duba.

Idan rumbu ne yake manne a 100% lokacin da gem yake daskarewa, SSD kake buƙata.
Idan GPU ne a 100% kuma hoton yana jan ƙafa, katin hoto ne ya gaza. Rage ingancin hoto a saitin gem, ko ka fara tara kuɗin kati.
Idan RAM ne ya cika maƙil, ƙara RAM. Domin idan tebur ya cika, Windows takan ari wani yanki na rumbu ta mayar da shi tebur, kuma idan rumbun HDD ne, nan kwamfuta take zama kamar ta mutu. SSD zai sassauta abin, amma maganin gaskiya ƙarin RAM ne. Mai GB 4 ko 8 ya fara duba nan.

To HDD ya zama shara kenan?

A'a. Har yanzu idan ana maganar ajiya mai yawa a kuɗi kaɗan, HDD ne a gaba. Tsarin da nake ba mutane shawara shi ne a haɗa biyun. Windows da gem biyu ko uku da kake bugawa kullum su zauna a SSD. Finafinai, hotuna, da gem ɗin da ka gama amma ba ka son gogewa saboda ka san datar da ka ƙona kafin ka sauke su, su zauna a HDD. Steam ma yana ba ka damar ɗauke gem daga wannan rumbun zuwa wancan ba tare da ka sake saukewa ba. Mai laftof kuma, idan ka cire tsohon HDD, saya masa ɗan gidan nan mai USB ya zama rumbun waje.

Akwai kuma maganar yanayinmu. HDD ba ya son jijjiga, musamman idan yana kunne. Laftof a jaka, a bayan acaba, a titi mai ramuka, ko ta zame daga cinya tana aiki, allura tana iya gogar faifai. SSD wannan bai dame shi ba. Amma ɗaukewar wuta ana cikin rubuta bayani tana iya lalata fayil a kowannensu, don haka masu gidan gem da masu kwamfutar tebur, UPS ba almubazzaranci ba ne. Sannan HDD sau da yawa yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, ka ji yana ƙas-ƙas ko ya fara nauyi. SSD kuwa yana iya tafiya babu sallama, kuma ceto kaya daga cikinsa ya fi wahala. Duk abin da ba ka son rasawa, ajiye shi a wuri biyu.

Masu cewa SSD yana saurin ƙarewa fa? Gaskiya ne yana da iyakar rubutu. Amma mu duba. Samsung 870 EVO mai TB 1 an ba shi garantin rubuta TB 600. Ko GB 50 kake rubutawa kowace rana ta Allah, sai ka yi sama da shekara 30 kafin ka kai nan. Buga gem kuma yawancinsa karatu ne, ba rubutu ba.

Idan za ka shiga kasuwa

Ko a Farm Centre ta Kano kake saye, ko daga Computer Village ta Ikeja za a aiko maka, ka kula da abu huɗu.

Ɗaya, M.2 sunan siffa ne, ba sunan gudu ba. Akwai M.2 na SATA, akwai M.2 na NVMe, kuma ba kowace kwamfuta ce take karɓar duka biyun ba. Nemi lambar samfurin kwamfutarka ka duba kafin ka biya.

Biyu, idan na hannu ne, a sa shi a gabanka a buɗe manhajar CrystalDiskInfo. Kyauta ce. Za ta nuna maka lafiyarsa, awa nawa ya yi aiki, da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kai.

Uku, araha ba ta ado. Idan ka ga an rubuta TB 2 a farashin da bai kai na GB 256 ba, ajiye shi. Akwai na jabu da aka yi wa dabara suke nuna girman da ba su da shi, sai ka zuba kaya su wuce ainihin cikinsa sannan su fara lalacewa. Manhajar H2testw tana tona asirinsu, CrystalDiskMark kuma tana auna gudu.

Huɗu, bayan ka sa, kar ka cika shi maƙil. Bar masa ɗan fili, ko da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, domin idan ya cika gudun rubutunsa yana raguwa.

A taƙaice 'yan uwa, tambayi kanka me yake damunka. Jira ne da daskarewa lokaci-lokaci? SSD. Hoto ne yake jan ƙafa tun daga farko har ƙarshe? Katin hoto ko firosesa. Komai ne yake nauyi da zarar ka buɗe abu biyu? RAM. Kuɗin nan da gumi aka samo su, wani ma sai da ya yi wata da watanni yana tari, bai kamata a kashe su a kan zancen baki ba.

Wanda ya yi gwajin Task Manager ɗin, ya ɗauki hoton allon ya ajiye mana a ƙasa tare da sunan gem da irin kwamfutarsa, in sha Allahu za mu duba mu ba da amsa. A tura wa abokin da yake shirin shiga kasuwa. A shiri na gaba za mu taɓa maganar RAM, nawa ne ya isa, kuma me ya sa guda biyu masu GB 8 suka fi guda ɗaya mai GB 16.

Sai mun haɗu.